Wane Kaya Zan Sa Don Ƙwari Su Rage Cizona? Tambayoyi da Amsoshi Kan Launi, Yadi da Ɗinki

Da zarar damina ta kankama, ciyawa ta tashi, kududdufai suka cika, sai tambayoyi iri ɗaya su riƙa dawowa daga bakin manoman fadama, makiyaya, masu gadin dare da iyaye mata masu goyo. Ga waɗanda aka fi yi, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Da gaske ne launin kaya yana jawo sauro, ko dai camfi ne?

Ba camfi ba ne, sai dai ba launi ne ke fara kiransa ba. Macen sauro ce kaɗai ke cizo, don sai ta sha jini take iya yin ƙwai, kuma mataki-mataki take gano mutum. Tun daga nesa take shaƙo iskar da muke fitarwa a numfashi, ta biyo ta. In ta matso sai ta koma aiki da ido, tana neman abu mai duhu da ya fita daban a wurin. Da ta zo dab da jiki, ɗumi da gumi da warin fata ne ke nuna mata inda za ta sauka.

A wani bincike da aka wallafa a 2022, wasu masana a Jami'ar Washington ta Amurka sun gwada sauron Aedes aegypti, wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin denge. Da babu iskar numfashi a wurin, bai kula kowane launi ba. Ana sakar masa iskar sai ya nufi ja, ruwan lemo, baƙi, da wani shuɗi mai haske da ya karkata zuwa kore. Fari, kore, shunayya da shuɗi na ainihi kuwa ya ƙyale su. Wani abin da binciken ya nuna shi ne, fatar ɗan Adam, fari ne shi ko baƙi, ja-ja take a idon sauro. Ke nan fatar da ka bari a buɗe ta fi kowace riga kiransa.

To wane launi zan zaɓa in zan fita?

Mai haske, mara ƙyalli: fari, ruwan madara, ruwan toka mai haske, ruwan ƙasa ko kaki. In gona ko daji za ka shiga, kaki da ruwan ƙasa sun fi dacewa, don ba sa nuna dauɗa da wuri kamar fari, kuma babu wani ƙwaro mai cizo da aka san yana rububinsu. A guji baƙi, ja, da duk launi mai duhu. Shuɗi yana da nasa bayanin daban, duba tambayar da ta shafi tsando.

Tsakanin launi, yadi da ɗinki, wanne ya fi muhimmanci?

Rufe jiki ne na farko, faɗin ɗinki da kaurin yadi na biyu, launi na uku. Wanda ya sa baƙin kaftani mai dogon hannu da wando har idon sawu ya fi tsira a kan wanda ya sa farar singileti da gajeren wando, nesa ba kusa ba. Launi yana rage yawan ƙwarin da za su nufo ka ne kawai, yadi shi ke tsayawa tsakanin bakin ƙwaro da fatarka.

A nan kayanmu na gida ba su da na biyu. Kaftani, jamfa da wando, babbar riga, zani da riga mai hannu, dogon hijabi, duk an ɗinka su ne da yalwa, suna rufe jiki ba tare da sun manne ba. Matsalar ta fi zuwa daga ɗinkin zamani: wandon da aka tsuke ƙafa ya ɗage sama da idon sawu, rigar atamfa da aka matse ta kama jiki, rigar ƙwallo mai gajeren hannu da samari ke zama da ita a gidan kallo har tsakar dare. In za ka kai ɗinkin kayan aiki ko na zaman majalisa, gaya wa tela ya sake maka, ya kuma sa maɓalli a bakin hannu.

Sauro yana iya cizo ta cikin riga?

Ƙwarai kuwa. Bakinsa siririyar allura ce da ke bi ta tsakanin zare, don haka duk yadi mara kauri da ya kwanta a jikin fata bai hana shi komai. Shi ya sa mutum zai ga cizo a kafaɗa, gadon baya, gwiwa da cinya, wato wuraren da kaya ke mannewa in an zauna. Matsattsen wandon roba da mata ke sawa a ƙarƙashin doguwar riga, da safa shara-shara, sauro yana huda su kamar babu. Leshi mai ƙofofi kuwa ado ne, ba kariya ba.

Akwai gwaji mai sauƙi tun a kasuwa: ɗaga yadin ka kalli rana ko fitila ta cikinsa. In kana ganin haske yana ratsowa ta ƙananan ƙofofi, saƙar ba ta da ƙarfi. Shadda, kaki, yadin auduga mai cikakkiyar saƙa da wandon jins sun fi tsare jiki. In yadin da kake da shi mara nauyi ne, ka haɗa da 'yar ciki, biyu sun fi ɗaya.

Me ya sa kullum a ƙafa sauro ya fi cizona?

Sauron Anopheles gambiae, babban mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro a yankinmu, yana tashi ne ƙasa-ƙasa, kuma warin da ƙwayoyin halittar fatar ƙafa ke fitarwa yana jan sa sosai. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Bart Knols, ya nuna cewa wannan sauro yana bin warin cukun Limburger kamar yadda yake bin warin ƙafa, saboda ƙwayoyin da ke ba su warin dangin juna ne.

Ka dubi yadda muke zaman hira bayan isha'i: riga har ƙasa, hula a kai, amma ƙafa tsirara a cikin silifas, ko ma an tuɓe takalmin an hau tabarma. Duk kariyar da kaftani ya bayar, a nan take zubewa. Maganin bai da tsada: wanke ƙafa da sabulu da yamma, safa mai kauri mai launin haske, da takalmi sau-ciki in zaman zai yi tsawo. Kada a maimaita safar jiya, don gumin da ta sha shi ne abin da sauron ke nema. Masu gadi da masu shayi da ke kwana a waje su ne suka fi buƙatar wannan.

Ni baƙin hijabi da baƙar abaya nake sawa kullum. Sai na daina ke nan?

A'a, Hajiya. Kamar yadda aka faɗa a tambayar launi da yadi da ɗinki, abin da kike da shi na rufe jiki ya fi abin da kika rasa ta wajen launi. Abin lura uku ne: ko yadin yana da kauri, ko ya manne a kafaɗa da damtse, da kuma ƙafa da bayan hannu da suke a buɗe. Baƙin zai iya tara miki sauro suna shawagi a kanki da magariba, kuma in sun taru za su lalubo fuska da hannu. In kina da hali, ki ware hijabi ɗaya ruwan toka ko ruwan madara don zaman tsakar gida da yamma, da zuwa gona ko ɗiban ruwa a rafi. Inda baƙi ya zama matsala ta gaske shi ne dajin da ke da tsando.

An ce sauro bai damu da shuɗi ba, amma kuma an ce kada a sa shuɗi a daji. Wanne ne daidai?

Duka biyun, don ƙwarin ba ɗaya ba ne. Ƙudan tsando, mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, babu launin da ke jan sa kamar shuɗi mai ƙarfi, sannan ya fi son sauka a kan baƙi. An san wannan sosai har da shi ake kama shi: tarkunan tsando da shuɗin yadi da baƙi ake yin su. A yankin Mandoul na kudancin Chadi an kakkafa ƙananan tutoci shuɗɗa masu ɗauke da maganin ƙwari a bakin ruwa, kuma suna cikin abubuwan da suka karya lagon cutar, har a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ciwon barci ya daina zama barazana ga lafiyar jama'a a ƙasar. A Najeriya ma akwai cibiya guda a Kaduna da aikinta shi ne binciken wannan cuta da ƙudan da ke yaɗa ta. Wanda ya shiga kurmi da shuɗiyar riga da baƙin wando, ya mayar da kansa tarko mai tafiya.

Tsando da rana yake cizo, namiji da mace duka, kuma cizonsa da zafi kamar an soka allura. Yana zama a inuwar itatuwan bakin rafi da kurmi, da dazuzzukan namun daji irin su Yankari a jihar Bauchi. Yana huda yadi mara kauri cikin sauƙi, kuma man shafawa na korar sauro bai cika tasiri a kansa ba, don haka a nan kaya su ne babbar garkuwa: kaki ko ruwan ƙasa, mai ɗan nauyi, dogon hannu da dogon wando. Yana kuma bin abu mai motsi, musamman mota, shi ya sa ake rufe gilashi in ana ratsa dajin, a kuma duba cikin motar kafin a shiga.

Makiyayan da ke gangarawa kudu da rani su riƙe wannan. Rinannen baƙi mai shuni, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, kyakkyawan kaya ne, amma ya haɗa launuka biyun da tsando ke so. A ajiye shi don kasuwa da biki. Haka ma rigar Chelsea, duk son da mutum ke wa ƙungiyar.

Da daddare ma launi yana da tasiri?

Kaɗan. Sauron zazzaɓi ya fi cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba, kuma a duhu hanci da jin ɗumi ne ke masa jagora fiye da ido. Launi ya fi aiki a kan masu cizon rana: sauron Aedes mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke fitowa da safe da la'asar, da tsando, da ƙudajen kogi. Da dare rufe jiki ake bi, in an zo kwanciya kuma gidan sauro mai magani. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yawancin cizon da ke kawo shi ana yin sa ne mutum yana barci. Babu farar rigar da za ta maye gurbin gidan sauro.

Ina noma a bakin kogi, wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna cizona har jini ya fito. Me zan sa?

In ruwan wurin mai gudu ne a kan duwatsu, da alama ƙudajen nan ne masu yaɗa cutar da ke kawo ƙaiƙayi mai tsanani da makanta, wadda ake kira makantar kogi. A ruwa mai gudu suke hayayyafa, da rana suke cizo, kuma sun fi kai hari daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba sa huda yadi kamar sauro, yanka fata suke yi, amma sun iya kutsawa ta bakin wando da wuyan riga. Saboda haka a cusa ƙafar wando cikin safa ko takalmin roba mai tsawo, a ɗaure bakin hannu, a zaɓi launi mai haske don su ma duhu ke jan su. Naɗe wando zuwa gwiwa, wanda kowane manomin fadama ya saba, shi ne ainihin abin da suke jira.

Kaya ba su isa su kaɗai ba. In ana rabon ƙwayar Mectizan, maganin wannan cuta, a garinku, a karɓa a sha duk lokacin da aka kawo. Da irin wannan rabo da feshin koguna Jamhuriyar Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da cutar, a Janairun 2025.

Kaska fa? Ita ma launi take bi?

Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle. Tana maƙalewa a ciyawa ko ta biyo ƙasa ta hau ƙafa, sannan ta yi ta hawa tana neman wuri mai laushi: bayan gwiwa, matsematsi, hammata, bayan kunne. Amfanin kaya mai haske a nan shi ne ka gan ta tana tafiya kafin ta kama. Wando a cikin safa, riga a cikin wando, yadda duk hawan da za ta yi a bayan yadi za ta yi shi.

Makiyaya, mahauta da masu aiki a kara su ɗauki abin da muhimmanci, don kaskar dabbobi tana iya ɗaukar zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini. Kada a murƙushe ta da yatsa tsirara. In ta kama jiki, a riƙe ta da matsefata dab da fata a ja a hankali ba tare da murɗawa ba, kada a ƙona ta ko a zuba mata kananzir.

Ana wannan zafi, ta yaya mutum zai rufe jikinsa ruf?

Da faɗin ɗinki. Kaya mai yalwa yana barin iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta wuya, ta tafi da gumi. A wani bincike da aka wallafa a 1980, wasu masana sun auna riguna baƙaƙe da farare na Larabawan hamadar Sina'i, suka ga zafin da ke isa jiki kusan ɗaya ne, saboda iskar da ke zagayawa a cikin rigar. Buzaye da rawaninsu da manyan rigunansu sun daɗe da sanin haka. Auduga ta fi yadin roba shan gumi. In aikin ƙarfi za ka yi, sa riga ɗaya mai faɗi mai cikakkiyar saƙa maimakon ka tuɓe, ka ɗora malafa, ka canza rigar in ta jiƙe sharkaf, don jiƙaƙƙen yadi yana mannewa ne a jiki kuma warin gumi yana ƙara kiran sauro.

Na ji an ce kaya mai ratsin fari da baƙi yana korar ƙwari. Haka ne?

Maganar ta samo asali ne daga jakin dawa. A wani bincike da aka wallafa a 2019, an lulluɓa wa dawaki mayafi mai ratsi irin nasa a Ingila, aka ga manyan ƙudajen da ke cizon dabbobi suna kasa sauka a kai. A wani binciken da ya fito a shekarar kuma, masana a Japan suka yi wa baƙaƙen shanu fenti mai ratsin fari, ƙudajen da ke sauka a jikinsu suka ragu da kusan rabi. Wannan a kan ƙudajen dabbobi ne. Kada ka sayi riga mai ratsi da niyyar ta kare ka daga sauro.

Akwai maganin da ake sa wa kaya?

Akwai. Sunansa permethrin, dangin maganin da ke jikin gidan sauro ne. Wanda aka yi don tufafi ƙarfinsa kashi 0.5 cikin ɗari ne. Ana fesa shi a kan kayan a waje inda iska ke kaɗawa, ba a jikin mutum ba, a bar su su bushe sarai kafin a sa. Yakan jure wanki kamar shida, wanda aka sa tun a masana'anta kuma yakan kai wanki 70. Yana aiki sosai a kan kaska. A nisanta shi da kyanwa kafin ya bushe, kada kuma a wanke kayan a tafkin kifi, don yana kashe su. Gargaɗi babba: maganin feshin gona ko na wankan shanu ba na tufafi ba ne, ko da sunan ya yi kama. Ƙarfinsu ya wuce abin da fata za ta ɗauka.

Maganin korar sauro na shafawa kuma, irin mai sinadarin DEET ko picaridin, a fatar da ta rage a buɗe ake sa shi, ba a ƙarƙashin riga ba. Mai DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ya isa. Yana iya ɓata yadin roba, gilashin ido na roba da madaurin agogo, amma bai taɓa auduga.

Turare yana jawo ƙwari?

Ga zuma da rina, ƙamshi mai zaƙi irin na fure yana iya kawo su kusa, kuma zuma ta fi kai hari kan abu mai duhu, shi ya sa masu kiwonta ke sa fararen kaya. In za ka wuce inda aka ɗora amya, ko cirar zuma za ka, bar turare da baƙar hula a gida. Ga sauro kuwa, numfashi da gumi sun fi turare tasiri, kuma humra ko turaren wuta ba sa maye gurbin maganin korarsa.

Yaya zan shirya yara, musamman jarirai?

Riga mai dogon hannu, wando har ƙasa da safa tun kafin magariba, don yara kan yi wasa a waje daidai lokacin da sauro ke fitowa. Jaririn da aka goya, ƙafafunsa ne ke leƙowa ta gefen zani, a sa masa safa mai kauri (duba tambayar cizon ƙafa). Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba maganin korar sauro, gidan sauro ake rufa masa ko da rana ce. Wanda ya girmi haka, babba ne zai shafa a tafinsa ya goga masa, ban da hannu da kewayen ido da baki. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar duk wata da damina, a tabbata sun shanye shi har kwana ukun.

Wanki da shanya suna da alaƙa da wannan magana?

Suna da ita, ta wata hanya da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai wani ƙuda, wanda ya fi yawa a wurare masu laima, da ke zuba ƙwai a ƙasa mai yashi ko a kan tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, musamman masu sauran warin gumi ko fitsari. In aka sa kayan, tsutsar sai ta shige fata ta yi ƙurji kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, wani lokaci har a ji motsinta. Yara ta fi kamawa, ta hanyar wanduna da zanin goyo.

A shanya kaya a kan igiya, a tsakiyar rana, ba a kan ciyawa ko yashi ba. A yi musu guga ciki da waje, har da kayan ciki da zanin gado, don zafin dutsen guga yana kashe ƙwan. In ƙurjin ya riga ya fito, a toshe bakin ramin da man basilin, tsutsar za ta leƙo neman iska a matso ta a hankali. In wurin ya kumbura, ya yi ja ko ya fara ruwa, a kai yaron asibiti.